Wakilin Wa? Tarihin Wakilci da Zaɓe a Mazaɓar Birnin Katsina, 1951–2023

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda mazauna birnin Katsina suka riƙa samun wakilai a majalisun dokoki tun daga zaɓen 1951 har zuwa na 2023, ta ɗauki unguwar Ƙofar Kaura a matsayin madubi. An dogara ne ga tanade-tanaden tsarin mulki da sakamakon da hukumomin zaɓe suka bayyana da ayyukan magabata, sannan aka nazarci kalmomin da Bahaushe yake amfani da su a fagen zaɓe. Maƙalar ta gano cewa kalmar “wakili” tana ɗauke da ma’anoni biyu masu karo da juna a siyasar birnin: wakilin da ake turo wa jama’a daga sama, da wakilin da jama’a suke turawa daga ƙasa. Duk da faɗaɗar ’yancin jefa ƙuri’a, ma’anar farko ba ta gushe ba. Ta tashi ne daga hannun hukumar En’e ta koma zaɓen fid da gwani na jam’iyyu da zauren kotu.

Fitilun Kalmomi: wakilci, mazaɓa, ƙuri’a, Katsina, Ƙofar Kaura, siyasa

1.0 Gabatarwa

Wanda ya duba katin zaɓen mazaunin cikin birnin Katsina zai tarar da wani abu da sabo ya sa ba a lura da shi. Mafi yawan gundumomin zaɓe goma sha biyu na Ƙaramar Hukumar Katsina suna ɗauke da sunayen sarautu: Wakilin Gabas da Wakilin Yamma da Wakilin Arewa da Wakilin Kudu, kowanne an karkasa shi, sai kuma Kangiwa da Shinkafi. Ƙofar Kaura, wadda take kudancin birni a kan hanyar Kano, tana cikin ɓangaren Wakilin Kudu. Ke nan mai zaɓe a wannan unguwa yana zaɓen wakilinsa ne a gundumar da take amsa sunan wani wakili na daban, wanda fada take naɗawa.

Wannan haɗuwar sunaye ita ce mafarin tambayar da maƙalar take son amsawa: idan aka ce “wakili” a siyasar Katsina, wakilin wa ake nufi? Masana irin su Richard Sklar (1963) da B. J. Dudley (1968) da C. S. Whitaker (1970) sun yi bayani mai zurfi a kan jam’iyyun Arewa da alaƙarsu da sarauta, Yusufu Bala Usman (1981) kuma ya fayyace tsarin sarautar Katsina kafin zuwan Turawa. Abin da wannan nazari ya ƙara shi ne tsayawa a kan mazaɓa guda, da sauraron abin da harshen masu zaɓe yake faɗa game da ita.

2.0 Ma’anar Kalmomi da Iyakar Mazaɓa

“Wakili” kalma ce ta aro daga Larabci, ma’anarta wanda aka damƙa wa al’amari ya tsaya a madadin wani. A al’adar Bahaushe akwai wakilin ango a wurin ɗaurin aure, akwai wakilin sarki a unguwa ko a ƙauye. A duka biyun, wanda ya wakilta shi ne mai iko, kuma yana iya janye wakilcin. Ita ma “ƙuri’a” daga Larabci take, asalinta kuwa jefa abu don rabon da ba a son a ce an yi son kai, wato al’amari ne na sa’a. “Mazaɓa” ce kaɗai ginin Hausa tsantsa, sunan wuri daga aikatau “zaɓa”, kamar yadda aka sami “majema” daga “jeme” da “mahauta” daga sana’ar fawa.

Wajibi ne a bambance abubuwa biyu da suke amsa suna ɗaya. Akwai mazaɓar tarayya ta Katsina ta Tsakiya, wadda Ƙaramar Hukumar Katsina ce kaɗai a cikinta, tana aika mutum ɗaya Majalisar Wakilai cikin kujeru 15 na jihar. Akwai kuma shiyyar sanata ta Katsina ta Tsakiya mai ƙananan hukumomi 11: Katsina, Batagarawa, Batsari, Charanchi, Ɗanmusa, Dutsin-ma, Jibiya, Kaita, Kurfi, Rimi da Safana. Ban da waɗannan, birnin yana da kujera ɗaya cikin 34 na Majalisar Dokokin Jiha.

3.0 Zamanin Lardi: Wakilci ta Hanyar Tsani

Katsina ta zama lardi mai cin gashin kansa a 1934, ya ƙunshi masarautun Katsina da Daura. Da tsarin mulkin Richards ya fara aiki a 1947, hukumomin En’e ne suke fitar da waɗanda za su zauna a Majalisar Arewa da ke Kaduna. Talakan Ƙofar Kaura ba shi da ta cewa.

Tsarin mulkin Macpherson na 1951 shi ya kawo zaɓe, amma zaɓe ne mai hawa-hawa kamar tsani. Maza masu biyan haraji suna taruwa a unguwa ko ƙauye su fitar da mutanensu, waɗannan su tafi matakin gunduma su sake fitar da wasu, a haka har a kai ga taron ƙarshe na lardi, wanda shi ne yake zaɓen ’yan Majalisar Arewa. Daga cikin waɗannan ne kuma ake tsamo masu tafiya majalisar Ikko. Lardin gaba ɗaya shi ne mazaɓa. Wani tanadi da ya yi tasiri ƙwarai shi ne damar da aka ba En’e ta cusa nata mutane, har kashi goma cikin ɗari, a taron ƙarshe ba tare da sun bi ta matakan ƙasa ba. Waɗannan galibi manyan ma’aikatanta ne masu ilimin boko da kwarjini, saboda haka su ne suka fi lashe kujerun. Jam’iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta ɗanɗana wannan a can: ta yi rawar gani a matakin farko, ta tashi a tutar babu a na ƙarshe.

’Ya’yan Katsina da suka yi fice a wannan zamani sun fito ne daga wannan tsatso. Alhaji Isa Kaita, wanda ya zama Wazirin Katsina, ya riƙe muƙaman minista a Gwamnatin Jihar Arewa, ciki har da na ilimi. Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, yana Majalisar Sarakuna, ya kuma riƙe muƙamin minista marar ma’aikata. A wannan mataki ma’anonin “wakili” guda biyu ba su rabu ba: wanda yake wakiltar jama’a a Kaduna shi ne dai yake wakiltar En’e a wurin jama’a.

4.0 Jamhuriya ta Farko: Fartanya da Tauraro

A zaɓen tarayya na Disamba 1959 ne Arewa gaba ɗaya ta yi zaɓe na kai tsaye a asirce, a mazaɓu masu ɗan majalisa ɗai-ɗai. Maza ’yan shekara 21 zuwa sama ne kaɗai suke da ƙuri’a. Kowane ɗan takara yana da akwatinsa mai ɗauke da alamar jam’iyya, mai zaɓe ya shiga ɗaki shi kaɗai ya jefa takarda a wanda yake so. Alamar NPC fartanya ce, takenta “Salama”. Alamar NEPU tauraro, takenta “Sawaba”. NPC ta sami kujeru 134 cikin 312 na majalisar, NEPU ta sami 8.

Daga Katsina ta Tsakiya, Malam Musa ’Yar’aduwa ne ya tafi Ikko a ƙarƙashin NPC, ya kuma zama Ministan Harkokin Ikko a gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa har zuwa juyin mulkin Janairu 1966. Malamin makaranta ne, tsohon ma’aikacin En’e, kuma mai riƙe da sarauta a fadar Katsina. Asirin ƙuri’a ya rage wa talaka fargaba, amma kotunan alƙalai da ’yandoka da gidajen yari duk suna hannun En’e, kuma izinin yin taron siyasa daga wurinta yake fitowa. Wanda ya fito fili ya ce “Sawaba” ya san abin da ya ɗauko wa kansa. Rabin al’umma kuwa, wato mata, ba a ƙidaya su ba sam.

5.0 Jamhuriya ta Biyu: Gida Ɗaya, Jam’iyya Biyu

Sauyin da ya fi girma ya zo ne a hannun soja. Garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen tsarin En’e, kuma daga lokacin ne matan Arewa suka sami damar jefa ƙuri’a. Babban jami’in da ya tsaya a kan wannan garambawul shi ne Shehu Musa ’Yar’aduwa, ɗan tsohon ministan, wanda yake mutum na biyu a gwamnatin Janar Obasanjo. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ’yancin mata, ya kuma mayar da shekarun zaɓe 18.

A lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna. A zaɓen 1979 Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, mai alamar mabuɗi, ya kayar da Lawal Kaita na NPN, mai alamar gida da masara, a takarar gwamna, alhali NPN ce ta mamaye majalisar jiha. Gwamnan ya soke haraji da jangali, majalisar kuma ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, daga bisani ta tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981. Abin lura shi ne ’ya’yan ƙasar Katsina suna kowane ɓangare na wannan dambarwa. Kakakin majalisar da ta yi tsigewar, Mamman Abubakar Ɗanmusa, daga nan yake. Mataimakin da ya gaji kujerar, Abba Musa Rimi, daga nan yake. Yusufu Bala Usman, jikan Sarki Dikko, yana cikin masu tsara manufofin gwamnatin PRP. Hatta gidan ’Yar’aduwa ya kasu: uba jigo ne a NPN, ɗansa Umaru yana PRP. Lawal Kaita ya ci zaɓen 1983, ya yi wata uku soja suka karɓe mulki.

Darasin wannan zamani shi ne ra’ayin talakawa ya sami masu magana da yawunsa, amma da dama daga cikinsu ’ya’yan manyan gidajen nan ne da suka yi zamani da NPC. Taken siyasa ya sauya fiye da yadda gidajen da suke fitar da shugabanni suka sauya.

6.0 Ƙato Bayan Ƙato

An ƙirƙiri Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, birnin ya zama hedikwata. A shirin miƙa mulki na Janar Babangida an taƙaita jam’iyyu zuwa biyu, SDP mai doki da NRC mai mikiya, aka kuma kawo zaɓen layi, inda masu zaɓe suke jeruwa a bayan hoton ɗan takara a ƙirga su. Bahaushe ya raɗa masa suna “ƙato bayan ƙato”. An kawo shi don maganin maguɗi, sai dai a unguwa irin Ƙofar Kaura, inda mai haya yake ganin mai gida, yaron shago yake ganin ubangidansa, layi ya mayar da mai zaɓe ƙarƙashin idon da asirin 1959 ya fitar da shi.

A zaɓen gwamna na Disamba 1991 Sa’idu Barda na NRC ya kayar da Umaru Musa ’Yar’aduwa na SDP, duk da cewa yayansa Shehu yana cikin mafiya ƙarfin faɗa-a-ji a SDP a faɗin ƙasa. Wannan ya nuna cewa sunan gida yana buɗe ƙofar takara, amma bai isa shi kaɗai ya cika akwati ba.

7.0 Jamhuriya ta Huɗu: Tsakanin Sak da Wake-da-Shinkafa

PDP ta riƙe jihar shekara 16: Umaru Musa ’Yar’aduwa daga 1999 zuwa 2007, Ibrahim Shehu Shema daga 2007 zuwa 2015. Sanatocin shiyyar a wannan tsakani sun haɗa da Umar Ibrahim Tsauri (2003) da Ibrahim Ida (2007). Shigowar Muhammadu Buhari siyasa ta raba ƙuri’ar jihar gida biyu. A 2003 ya ci jihar a takarar shugaban ƙasa a ANPP, Umaru kuma ya koma kujerar gwamna a PDP. A 2007 ’ya’yan jihar biyu ne suka kara a neman shugabancin ƙasa, aka bayyana Umaru, shi da kansa kuma ya amsa a jawabin kama mulki cewa zaɓen yana da naƙasu. A 2011 Buhari ya sake cin jihar a CPC, Shema ya koma kujerarsa a PDP.

Harshe ya adana wannan ɗabi’a. “Wake-da-shinkafa” shi ne a zaɓi wannan jam’iyya a sama, waccan a ƙasa. Kishiyarsa “sak”, wato a dangwala wa jam’iyya ɗaya daga sama har ƙasa, kiran da magoya bayan Buhari suka yayata. Taken “a kasa, a tsare, a raka” kuma shaida ne cewa mai zaɓe ya daina yarda cewa jefa ƙuri’a kaɗai ya wadatar. A 2015 sak ta yi aiki: Buhari ya sami ƙuri’a 1,345,441 a jihar, Goodluck Jonathan ya sami 98,937, Aminu Bello Masari ya zama gwamna a APC. A 2023, da Buhari ba ya kan takarda, wake-da-shinkafa ta dawo. Atiku Abubakar na PDP ya ci jihar da ƙuri’a 489,045, Bola Tinubu na APC yana da 482,283, cikin ƙuncin ƙarancin takardun Naira. Bayan mako uku Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya ci kujerar gwamna da rata mai faɗi. Waɗannan alƙaluma na jiha ne gaba ɗaya, birnin kuma yana cikin manyan rumbunan ƙuri’unta.

7.1 Shari’ar CPC ta 2011

Babu abin da ya fito da tambayar wannan maƙala fili kamar abin da ya biyo bayan zaɓen 2011. CPC ta shiga zaɓen a Katsina da ɓangarori biyu, na Yakubu Lado Ɗanmarke da na Aminu Bello Masari, kowanne da jerin ’yan takararsa, kowanne yana cewa zaɓen fid da gwaninsa ne halastacce. Jama’a suka dangwala wa alƙalami, alamar jam’iyyar, aka rantsar da mutanen ɓangare ɗaya. A Disamba 2011 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kotunan ƙasa ba su da hurumin sauraron rikicin tun farko. Hukumar zaɓe ta janye takardun shaida daga sanatoci biyu da ’yan Majalisar Wakilai takwas ta miƙa wa na ɗaya ɓangaren. A shiyyar Katsina ta Tsakiya, Abubakar Sadiq ’Yar’aduwa ya maye gurbin Ahmad Sani Stores. A shiyyar Daura, Hadi Sirika ya maye gurbin Abdu Umar ’Yandoma.

Ba manufar wannan nazari ba ce ya yanke wane ɓangare ne yake da gaskiya. Abin da ya dame shi shi ne matsayin mai zaɓe. Ya yi layi a rana, ya jefa ƙuri’a sau ɗaya, amma cikin shekara guda mutum biyu suka zauna a kujera da sunansa, ba a sake tambayarsa ba. Tushen wannan a shari’a shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 2007 a shari’ar Rotimi Amaechi, wanda ya ɗauki ƙuri’a a matsayin ta jam’iyya, tunda alamarta ce a kan takarda. Idan haka ne, ainihin zaɓen wakili yana faruwa ne a ranar fid da gwani, a hannun ’yan tsirarun daliget, ko a ɗakin da ake “maslaha”. Kalmar “ɗauki-ɗora” da jama’a suka ƙirƙiro ta bayyana yadda suke kallon lamarin. Taron daliget na yau ya yi kama da taron lardi na 1951: tsani ne, kuma mai iko yana da hanyar cusa nasa a matakin ƙarshe.

8.0 Birni ya Girma, Mazaɓa ta Tsaya

Akwai matsala ta biyu, ta iyaka. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Katsina mutum fiye da 318,000, amma kujerarta a majalisar jiha ɗaya ce, daidai da ƙananan hukumomin da ba su kama ƙafarta a yawan jama’a ba. Sashe na 73 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukumar zaɓe sake duba iyakokin mazaɓun tarayya lokaci-lokaci, amma iyakokin da ake aiki da su tun 1999 na zamanin soja ne.

A halin nan birnin ya tsallake ganuwa. Ƙofar Kaura, wadda a da ita ce bakin gari, yanzu mahaɗar manyan tituna ce mai gadar ƙasa, unguwanni kuma sun miƙe kudu har sun shiga ƙasar Batagarawa. Wanda ya gina gida a can, yana kasuwanci a birni, ’ya’yansa suna makaranta a birni, idan ya yi rajista a inda yake kwana ƙuri’arsa tana tafiya mazaɓar Batagarawa da Charanchi da Rimi. Tarihi ya yi nasa wasan a nan: Kauran Katsina, wanda ƙofar take amsa sunan sarautarsa, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki, shi ne Hakimin Rimi. Ga mazaunin unguwar kuwa matsalar a aikace take: magudanar ruwa ɗaya tana ratsa mazaɓu biyu, kowane ɗan majalisa yana iya cewa ba tasa ba ce.

9.0 Sakamakon Nazari

Abubuwa uku suka fito. Na farko, da’irar masu zaɓe ta faɗaɗa daga maza masu biyan haraji zuwa kowane namiji da mace mai shekara 18, amma da’irar waɗanda ake zaɓa ba ta faɗaɗa daidai da haka ba. Musa ’Yar’aduwa ya tafi majalisa a 1959, ɗansa Abdul’aziz ya zama sanatan shiyyar a 2023, shekara 64 tsakani. Mata kuwa, waɗanda layinsu yake cika rumfuna, har yau jihar ba ta aika ko ɗaya daga cikinsu Majalisar Dattawa ba. Na biyu, mai zaɓen Katsina ba raƙumi da akala ba ne. Sakamakon 1991 da 2003 da 2011 da 2023 ya nuna yana bambance kujera da kujera, yana kuma iya juya wa babban gida ko jam’iyya mai mulki baya. Na uku, wurin da ikonsa yake da rauni shi ne matakin tsayar da ɗan takara, kuma nan ne tsohuwar ma’anar “wakili” ta sami mafaka.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi wakilcin birnin Katsina daga tsanin lardi na 1951 zuwa na’urar tantance masu zaɓe ta 2023. Ta nuna cewa Wakilin Kudu na fada da ɗan majalisa na akwati suna amsa kalma ɗaya, kuma tarihin mazaɓar ja-in-ja ne tsakanin ma’anonin biyu. Ga masu nazarin Hausa akwai aiki a gaba: tattara kalmomin zaɓe irin su sak da ɗauki-ɗora da ƙato bayan ƙato tare da lokacin da kowacce ta ɓulla, da adana sakamakon rumfuna unguwa-unguwa, da naɗar bayanan dattawan da suka jefa ƙuri’a a 1959 da matan da suka fara jefawa a shekarun 1970 tun suna raye. A ɗaurin aure, kafin a karɓi maganar wakili sai an tabbatar da wanda ya wakilta shi. Mai zaɓe a Ƙofar Kaura yana da haƙƙin yin wannan tambaya tun ranar fid da gwani, kafin sunan ya hau takarda.